Yadda ake ƙara wa tsohuwar motar gudu ƙarfin birki a Legas

Tsofaffin motocin gudu irin su Datsun 240Z, MGB, Triumph TR6 da Marsandi SL an ƙera su ne don titunan shekara hamsin da suka wuce, lokacin da duk motar da ke gabanka ita ma birkinta mai sanyin jiki ne. Yau kuwa a Oshodi ko Mile 2, wanda ke gabanka na iya zama danfo da zai taka birki babu sigina don ɗaukar fasinja, ko sabuwar jif mai ABS (tsarin hana taya kullewa) da ke tsayawa cak a ɗan taƙi. Shi ya sa masu waɗannan motoci ke neman ƙarin birki, kuma da gaskiyarsu. Inda ake kuskure shi ne a fara da sayen manyan kalifa (ƙarfen da ke matse faifan birki a kowace ƙafa) masu jan fenti. Galibin motocin da ake kawowa da ƙorafin birki ba ya kamawa, birkin nasu na asali ne ya lalace, kuma idan aka maido shi daidai sai mai motar ya ga rabin abin da yake nema ya samu. Gyara ake fara yi, ƙari ya biyo baya.

Fara da taya

Birki yana tsayar da taya ne, taya kuma ita ke tsayar da mota. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Motar da ake fitarwa sau biyu a wata, zanen tayarta na iya zama kamar sabo alhali robar ta bushe ta yi tauri. Tayar da ta haura shekara shida a zafin nan a sauya ta, kuma kada a maye gurbinta da tokumbo, wato tsohuwar da aka shigo da ita daga waje, wadda ba a san shekarunta a kwantena ba. Wanda ya sa kalifa mai fistin huɗu a kan busasshiyar taya, abin da ya samu kawai shi ne taya ta riƙa kullewa da wuri.

Man birki, wanda shi ne babbar matsalar Legas

Man birki na ajin DOT 3, DOT 4 da DOT 5.1 yana tsotsar ruwa daga iska, ta murfin tanki da ta jikin tiyon roba. Ga gari a bakin teku, ga damina mai tsawo. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma da zarar ruwa ya kai kusan kashi 3.7 cikin 100 a cikinsa, ƙa'idar ta sauko zuwa 155. DOT 3 kuma daga 205 yake faɗowa zuwa 140. Idan man ya tafasa a cikin kalifa sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai feda ta tafi ƙasa babu kamu. Bayan minti ashirin birkin ya dawo kamar ba a yi ba, mai mota ya rasa gane abin da ya faru. Ruwan nan kuma shi ne ke cin cikin masta (famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa ƙafafu) da fistin da tsatsa a hankali.

Masu ƙera motoci sukan ce a sauya man duk shekara biyu. A Legas a yi duk shekara, kafin ruwa ya sauka. Lita ɗaya tana wanke layin gaba ɗaya, amma a sayi ɗaya da rabi idan an sauya kaya da yawa. DOT 4 mai kyau ya wadatar, a cikin kwalba mai hatimi, daga shagon da aka sani. Wanda ake tsiyayowa a gorar ruwa a bakin titi, ko kyauta ne a bar shi.

DOT 5 daban yake. Na silikon ne, ba ya shan ruwa kuma ba ya cin fenti, abin da ya sa masu adana motoci ke sonsa. Sai dai ba ya haɗuwa da sauran, yana riƙe ƙananan kumfa don haka feda takan ɗan yi laushi, kuma ruwan da ya shiga layin taruwa yake wuri guda a ƙasan kalifa. Ba a zuba shi sai a tsarin da aka sabunta kowace roba da kowane tiyo. Man inji, man giya, fetur ko kananzir kuwa, ko ɗigo kada ya taɓa cikin layin birki. Yana kumbura robobi, kuma idan ya shiga babu gyara sai sauya su duka. Yaron gareji da ya wanke fistin da fetur ya riga ya kashe sabuwar robar tun kafin a ɗaura ta. Da man birki ko feshin wankin birki ake wankewa.

Fayif da tiyo

A ɗaga motar a kan sandunan tsayawa huɗu, jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashi ba ne. A bi fayif ɗin ƙarfe da hannu daga masta har kowace ƙafa, musamman inda maƙalai suka riƙe shi da saman gadar baya, don nan laka da ruwan gishiri ke kwana. Duk inda tsatsa ta yi ɓawo, a sauya tsawon gaba ɗaya.

Motocin Ingila da yawa sitiyarinsu a dama yake, kuma tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a Afrilun 1972 ake juya wa irinsu sitiyari zuwa hagu. Idan motarka an juya mata, a duba yadda aka ƙara tsawon fayif. Sau da yawa za ka tarar da guntun fayif ɗin jan ƙarfe na masu gyaran firij da na'urar sanyi, an haɗa da noti irin na famfo ko an like da walda. A cire. Matsin da ke cikin layi idan an taka birkin gaggawa yana kaiwa bar 100, zallan jan ƙarfe kuma yana tsagewa idan jijjiga ta daɗe tana kaɗa shi. Abin da ya dace shi ne fayif na gaurayen jan ƙarfe da nikel, mai faɗin inci 3/16, wato milimita 4.75. Ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa da hannu. Nadi ɗaya na ƙafa 25 yakan ishi ƙaramar mota. Haka nan wajen odar masta ko busta (abin da ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi a kan feda) daga waje, a faɗa wa mai sayarwa ko motar ta hagu ce ko ta dama.

Bakin fayif iri biyu ne, kuma nan ake yawan samun yoyon da aka rasa dalilinsa. Datsun da sauran motocin Japan suna amfani da baki mai ninki biyu da noti M10×1.0. Marsandi da motocin Jamus zaren notin ɗaya ne, amma bakin mai kumburi ne kamar ƙwallo. MGB da Triumph kuma zarensu na inci ne, 3/8 UNF. Notin inci zai shiga ramin M10 ya yi juyi da yawa kamar ya dace, ya kuma riƙe a gareji, sai ranar da aka taka da ƙarfi ya ƙwace. A tafi kasuwa da tsohon notin a hannu. A kwance su da sifana mai tsaga ta musamman, buɗaɗɗiyar sifana tana murje kan notin.

Tiyon roba da ke zuwa kowace ƙafa yana lalacewa daga ciki ba tare da an gani ba. Bangon ciki kan zube ya zama kamar ƙofa mai buɗewa gefe ɗaya: mai ya tafi kalifa, ya kasa dawowa, ƙafar ta riƙe tana zafi. Gwajinsa mai sauƙi ne. A taka birki a saki, idan tayar ta ƙi juyawa a ɗan buɗe nonon fitar da iska. In mai ya yi tsartuwa tayar ta saki, matsi ne ya maƙale, a fara zargin tiyo. In ba ta saki ba, fistin ne ya cije. A sauya da tiyo mai saƙar ƙarfe a waje da Teflon a ciki. Ba ya kumbura, don haka feda na yin tauri. Bayan ɗaurawa a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, motar a sama da kuma a ƙasa, a tabbata bai miƙe tsam ba kuma bai goga taya ba.

Masta da busta

Idan tankin masta ɗaya ne kuma fayif ɗaya ke fita, kamar a MGB na farko-farko, to layi ɗaya ke ciyar da ƙafa huɗu. Tiyo ɗaya ya fashe, birki ya tafi duka. Tun ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta wajabta masta mai layi biyu saboda wannan. A mota irin wannan, komawa layi biyu ya fi kowane ƙari daraja, ko da ba zai rage nisan tsayawa da taku ɗaya ba.

A zare masta a leƙa inda yake shiga busta. Danshi a nan na nufin robar baya ta mutu kuma mai na zuba cikin busta yana cin tantaninta. Idan cikin masta ya yi ramukan tsatsa, sabuwar roba ba za ta yi wata uku ba; ko a sayi sabo, ko a sa masa hannun riga na ƙarfe marar tsatsa.

Gwajin busta: inji a kashe, a taka feda sau biyar har ta yi tauri, a riƙe, a tayar da inji. Feda ta ɗan nutse, busta na aiki. In ba ta motsa ba, a duba tiyon da ya taho daga manifol (bututun da inji ke shaƙar iska ta cikinsa) da bawul ɗin da ke kansa kafin a yanke wa bustar hukunci.

Tsakanin sandar busta da fistin ɗin masta ana barin 'yar tazara, kamar rabin milimita. In sandar ta yi tsawo, fistin ba ya komawa gida, ɗan ramin da mai ke komawa tanki ya toshe. Motar za ta bar gareji lafiya, sai an shiga gosulon Ikorodu Road mai ya yi zafi ya buɗe, ƙafa huɗu su kama kansu. In ta yi gajarta, feda ta yi tafiyar banza kafin ta kama. A Datsun akwai wata 'yar roba zagayayya a bayan sandar, da ke faɗawa cikin busta idan an zaro sandar da garaje. Alamar faɗuwarta ita ce feda ta tafi nesa babu komai, sannan birki ya cafke lokaci guda. A manne ta da ɗan gam a gindin sandar kafin a mayar.

Ƙarin gaba

Yanzu aka zo ƙari. Mafi arha kuma mafi tasiri shi ne fad mai kyau, wato abin da kalifa ke mannawa a jikin faifan birki. A gefen fad na kirki akwai haruffa biyu, kamar FF ko GG: na farko kamunsa a sanyi, na biyu a zafi. A ma'aunin kamu, F na tsakanin 0.35 da 0.45, G kuma 0.45 zuwa 0.55, wato G ya fi kamu. Fad na tsere ba na cikin gari ba ne, sai ya yi zafi sosai yake kamawa, a cunkoso kuwa ba zai taɓa kaiwa ba, sai ƙara da cin faifai.

Faifan birki yana ɗauke da mafi ƙarancin kaurinsa a rubuce a jikinsa. In ya kai, a sauya duka biyun. A kankare fuskar hob (cibiyar da faifai da taya ke ɗaure a kai) tas kafin a ɗora sabo, sannan a auna karkacewarsa da agogon awo, kada ta wuce milimita 0.1. Ƙwayar tsatsa ɗaya a ƙarƙashinsa ta isa ta haifar da rawar sitiyari bayan 'yan watanni. Faifai mai huji-huji na arha ado ne kawai, daga bakin hujin yake fara tsagewa.

Mai Datsun 240Z ya yi sa'a, domin ƙarin da aka saba yi mata kayan Toyota ne, Toyota kuwa ba ta wuya a kasuwar kayan mota ta Ladipo. Kalifar gaba ta Hilux mai jan ƙafa huɗu ta farkon shekarun 1980, wadda aka zuba lambar S12+8 a jikinta, fistin huɗu gare ta kuma tana hawa ramukan Datsun kai tsaye a kan faifan asali. Abin da ake yi shi ne a ɗan yanke farantin kare ƙura, a lanƙwasa ko a sake gajeren fayif ɗin da ke shiga kalifar. Mai lamba S12W ta fi faɗi, ana haɗa ta ne da faifai mai iska a tsakiya na Nissan 300ZX ta 1984 tare da zoben tazara tsakanin faifai da hob. Wannan na biyun shi ne ke maganin zafi da gaske. A 240Z faifan a bayan hob yake ɗaure, don haka sai an cire hob. Tunda an cire, a wanke boris a sa sabon giris da sabuwar roba.

A Ladipo a karanta lambar da ido, kada a tsaya ga “iri ɗaya ne, oga”. A sayi ta hagu da ta dama, a ɗauka cewa kowace tokumbo sai an buɗe ta. Ana fitar da fistin da iskar kwamfuresa, a sa katako a tsakiya, a janye yatsu, don yana fitowa da ƙarfin da zai karya ƙashi. Fistin mai tabon tsatsa a jefar. A kankare ramin da roba ke zama, a shafa jan giris na roba, a tura fistin da yatsa. Wajen ɗaurawa, nonon fitar da iska a sama yake zama. In aka musanya hagu da dama ya koma ƙasa, ko kwana za a yi ana bilidin (aikin fitar da iska daga layi), iskar ba za ta fita ba. Sai a gwada rim: a bar aƙalla milimita 3 tsakaninsa da kalifa, wasu rim na inci 14 ba sa wucewa.

Lissafin masta yana da muhimmanci a nan. A haɗa faɗin fuskar fistin na gefe ɗaya na kalifa. Misali, fistin ɗaya mai milimita 54 a tsohuwar kalifa yana da kusan santimita murabba'i 22.9. Biyu masu milimita 43 a sabuwar kalifa sun kai 29, ƙarin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙarin nan mai yake sha, don haka feda za ta yi nisa. Shi ya sa ake sauya mastan inci 7/8 da na inci 15/16 na Datsun 280ZX, wanda ke tura ƙarin mai kamar kashi 15 cikin 100. Sai dai babban masta yana rage matsi a kan ƙarfin takawa iri ɗaya, don haka wanda ya zarce zuwa mafi girma ba dalili, feda mai tauri zai samu da birki marar kamu. A duba haruffan F (gaba) da R (baya) a jikin sabon mastan, domin matsayinsu ba ɗaya ba ne a duk shekarun Datsun, layin gaba ya tafi F.

Baya

Gaba ke ɗaukar kashi 60 zuwa 70 na aikin tsayawa, don haka diram (birki mai siffar ganga) mai lafiya a baya ya ishi motar titi. Sabon shu (abin da ke goga cikin diram), sabon silinda, sababbin sifirin, a daidaita har shu ya ɗan taɓa diram. Rashin daidaitawar nan kaɗai na sa feda ta yi nisa. Ƙurar tsohon shu na iya ƙunsar asbestos, kada a hure ta da kwamfuresa, a jiƙa a goge.

Wanda ya nace sai faifai a baya, ya tuna abu uku. Bawul ɗin da ke riƙe ɗan matsi don diram, kusan psi 10, dole a cire shi, in ba haka ba fad zai riƙa goga. Birkin hannu sai an sake masa dabara. Na uku kuma shi ne mai kisa: in baya ya riga gaba kullewa, gindin mota ne ke juyowa, musamman a jiƙaƙƙen titi. Ana sa bawul mai daidaitawa a layin baya kawai, a fara da rage matsin sosai, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, a tsaya tun gaba na riga baya kullewa.

Bilidin da zaunar da fad

Sabon masta a kan benci ake fara fitar masa da iska: a kama shi a bais, a mayar da gajerun tiyo daga bakinsa zuwa cikin tanki, a riƙa turawa a hankali har kumfa ta ƙare. A mota kuma a fara da ƙafar da layinta ya fi tsawo, a bi fayif ɗin da ido a gane ta. Mutum biyu: ɗaya ya taka ya riƙe, ɗaya ya buɗe nono ya rufe, sannan a saki feda. A sa siririn tiyo mai haske cikin kwalba don a ga kumfa da launin mai. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. In tsohon masta aka bari, a sa katako ƙarƙashin feda, domin tura ta har ƙasa na kai roba inda tsatsa ta taru ta yage. Man da ya zuba a fenti a wanke da ruwa nan take.

An gama, a danne feda da ƙarfi na rabin minti. In tana nutsewa a hankali, akwai yoyo ko masta na zubarwa ta ciki. In ta tsaya, a leƙa kowane noti da tocila.

Sabon fad da faifai sai an zaunar da su. A nemi miƙaƙƙen titi marar mutane da sassafen Lahadi, ba kan gada ba. Daga gudun kilomita 80 a taka da ƙarfi zuwa 15, kada a tsaya cak, a maimaita sau takwas zuwa goma. Za a ji ɗan wari, ba komai. Sai a yi tafiyar minti goma ba tare da an taka ba don su huce. Tsayawa da ƙafa a kan feda alhali faifai na da zafi yana buga hoton fad a jikinsa, daga nan rawar birki ke farawa. Daga baya, injin gwajin birki na cibiyoyin duba motoci na jihar Legas zai nuna ko hagu da dama suna kamawa daidai, a nemi ganin lambobin.

In an ratsa ambaliya a Lekki ko Ikoyi, a ɗan ɗora ƙafa a feda ana tafiya a hankali har birki ya bushe, diram ya fi daɗewa da ruwa. Motar da za ta yi makonni a ajiye kada a ja mata birkin hannu, shu na mannewa da diram saboda danshi; a sa ta a giya a tokare taya da katako. Tsofaffin kalifa, masta da farantin da aka cire kuma a tsiyaye su, a shafe bayansu da giris, a ajiye a kwali da sunan motar, domin mai sayen irin wannan mota yakan tambayi kayanta na asali kafin a yi maganar kuɗi.